Filin Kalmomi: Kantoma, Jiha da Cin Gashin Kai

Wani malamin firamare daga Funtuwa: Malam, a rediyo sai in ji an ce kantoma, jim kaɗan kuma a ce ciyaman, alhali mutum ɗaya ake nufi. Duk ɗaya ne?

Ko kusa, Malam. Wannan gwamutsin da wasu 'yan jarida ke yi yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ciyaman shi ne wanda jama'a suka fito cikin rana suka bi layi suka zaɓa, shi da kansilolinsa na mazaɓu. Kantoma kuwa naɗa shi ake yi. Tun zamanin Turawa muke da kalmar, sunan Baturen da ke kula da bariki da unguwannin da ba sa ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ne. Da sojoji suka riƙa ɗora mutum ɗaya a kan ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba, sai Bahaushe ya ɗauko tsohon sunan ya laƙaba masa, kuma ya yi daidai.

Abin da ya sa nake dagewa a kan wannan: gwamna zai rushe zaɓaɓɓun shugabanni, ya kafa kwamitin riƙo da yaransa, washegari mai karanta labarai ya ce "shugaban ƙaramar hukuma ya bayyana cewa..." Mai saurare a ƙauye ba zai san an yi masa sauyi ba. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 zaɓaɓɓun majalisu ya tanadar wa ƙananan hukumomi, kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce kwamitocin riƙo ba su da gurbi a doka. Idan hannun famfon burtsatse na bakin kasuwa ya karye, mata suka koma jan guga a tsohuwar rijiya, ciyaman ya san gobe zai dawo neman ƙuri'ar mutanen nan. Kantoma kuwa idonsa na kan gidan gwamnati, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A kira kowa da sunansa.

Wata ɗaliba daga Gusau: Mene ne asalin kalmar jiha?

Daga Larabci take, ma'anarta ɓangare ko nahiya. Dattawa kan ce "ta wace jiha ya bi?" Tun kafin Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967 ana cewa Jihar Arewa. Taku ta Zamfara tana cikin na 1996, waɗanda suka cike 36.

Wani daga Sabon Garin Zariya: "Cin gashin kai" da ake ta nema wa ƙananan hukumomi, gashin da ke kan mutum ake nufi?

Haba ɗan'uwa! Wa ke cin suma? Ka saurari bakin dattijo: gashin suma ana jan wasalin farko, gashin wuta kuwa a gajarce yake fita. Na biyun ake nufi, daga gasa. Mutum ya hura wutarsa, ya gasa abinsa, ya ci, ba ya jiran wani ya yanko masa. Rubutun boko ne da ba ya nuna tsawon wasali ya rikita matasa.

Ma'anar kuma ta hau kan rigimar da ake yi. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya samar da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason da ke zuwa daga asusun tarayya ke fara sauka. Daga nan sai abin da jiha ta ga dama ya isa sakatariya. A hukuncin nan na 2024 kotu ta ce a riƙa tura kuɗin kai tsaye. A ganina ko kuɗin sun iso, muddin hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen, jam'iyyar gwamna kuma ta lashe kusan kowace kujera, gashin ba na kai ba ne tukuna.

Wata Hajiya daga Haɗeja: "Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo" ko "inda ruwa ke masa zuba", wanne ne daidai?

Duka biyun ana faɗa, Hajiya, kar ki bari wani ya gyara miki. Nufin dai na kusa da matsala ya fi saninta. Hujjar gyaran 1976 ke nan, wanda ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasar, yau ga su 774, Kano kaɗai na da 44, Jigawarku 27.

Wani daga Jos: Jam'in kansila fa?

Kansiloli, kamar yadda gwamna ke zama gwamnoni. Masu cewa "kansilas" su daina don Allah.