Kamfanin jirgi ya ce yana kula da muhalli, in yarda da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai saya wa ma'aikatan ƙungiyarmu tikitin jirgi, kuma shugabanninmu sun ce daga yanzu a fifita kamfanin da ke kula da muhalli. Na samo rahotannin kamfanoni biyu, kowanne cike da hotunan itatuwa da alkawura. Yaya zan gane na gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A ƙasashe da yawa babu dokar da ta tilasta wa kamfani fitar da irin wannan rahoto. Shi ke rubutawa bisa raɗin kansa, shi ke zaɓar abin da zai faɗa da wanda zai yi shiru a kai, kuma ɗan kasuwa ba ya kushe hajarsa. Don haka ki tsallake hotunan, ki nufi shafukan ƙarshe inda alƙaluma suke.

Ki fara neman jimillar tan na iskar kabon da jiragen kamfanin suka fitar a shekara, na shekaru uku ko huɗu a jere. Kamfanoni sun fi son nuna wani adadin daban, wato hayaƙin da ya hau kan fasinja ɗaya a kowace kilomita. Wannan yana sauka da zarar an sayo sababbin jirage ko an cika kujeru, alhali jimillar na iya ci gaba da hauhawa saboda an ƙara yawan tashi. Sararin samaniya kuwa jimillar yake karɓa. Idan sun ɓoye ta amma sun faɗi man da suka ƙona, lissafin mai sauƙi ne: kilo ɗaya na man jirgi yana haifar da kilo 3.16 na iskar kabon.

Ki kuma lura da shekarar da suke auna kansu da ita. A 2020 da 2021 korona ta ajiye jirage a ƙasa, duk raguwar da aka gani a lokacin ba ƙoƙarin kowa ba ne. Shekarar 2019 ce ma'auni mai kyau.

Sannan ki duba ko wani kamfanin bincike na waje ya tantance alƙaluman ya sa hannu, da ko an bi wani tsari sananne kamar na GRI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin rubuta irin wannan rahoto. Rahoton da ba wanda ya duba, ni dai a matsayin talla nake karanta shi.

Kada alkawarin shekarar 2050 ya burge ki. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta amince a 2021 cewa zuwa 2050 za su daidaita hayaƙin da suke fitarwa da wanda ake cirewa daga iska, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, ta bi sahu a 2022. Kusan kowa na faɗin haka, ba ya bambanta kamfani da kamfani. Wanda ya rubuta abin da zai cimma kafin 2030, da adadi, shi ne ya ɗaure kansa.

Tambaya: Malam, in na zo biyan kuɗin tikiti a intanet sai a ce in ƙara wani abu kaɗan don a goge hayaƙin tafiyata. In biya?

Amsa: Ɗan uwa, in ka biya ba laifi, amma ka san abin da ka saya. Kuɗin yakan tafi dashen itatuwa ko kare daji a wata ƙasa. Hayaƙin jirginka ya riga ya fita yau, itacen kuwa sai ya shekara da shekaru yana girma, in gobara ko gatari ba su riske shi ba. A watan Maris na 2024 wata kotu a Amsterdam ta yanke cewa tallace-tallacen kamfanin jiragen ƙasar Holland, KLM, kan tafiya mai kula da muhalli sun ruɗi jama'a. Kafin nan, a Disamba 2023, hukumar sa ido kan talla ta Birtaniya ta hana wasu tallace-tallacen kamfanonin jirage na Air France da Lufthansa da Etihad kan irin wannan iƙirari.

Wasu kamfanoni suna ba da zaɓin sa kuɗin a sabon man da ake haɗawa daga abubuwa kamar tsohon man girki. Wannan ya fi kama hankalina, domin man yana shiga tankin jirgi ne kai tsaye. Sai dai yana da tsada, kuma a 2024 bai kai kashi 1 cikin 100 na man jiragen duniya ba. Tarayyar Turai ta wajabta daga 2025 cewa aƙalla kashi 2 cikin 100 na man da ake zubawa a filayen jiragenta ya zama irin wannan, saboda haka wani abin da kamfani ke tutiya da shi a can doka ce ta sa shi.

Tambaya: Tikitin yada zango ya fi arha, na kai tsaye ya fi tsada. Wanne ya fi wa muhalli?

Amsa: Galibi na kai tsaye, domin tashi da haurawa sama suna shan mai sosai, ga ƙarin nisan zagaye. Kujerar ma tana da tasiri: ta manya tana cin wurin mutum biyu ko uku ko fiye a doguwar tafiya, rabonta na hayaƙi ya ninka haka. Shafin neman tikiti na Google Flights yana nuna ƙiyasin hayaƙin kowane jirgi kusa da farashinsa, ka duba shi kafin ka biya.