Takardun lamunin muhalli: shin ƙaramin mai ajiya yana iya shiga?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Arkilla, cikin Sakkwato. Na tara ɗan kuɗi, sai na ji ana cewa gwamnati na karɓar ajiya ta dasa itatuwa da ita, ta kuma biya riba. Gaskiya ne? Kuma ya halatta?

Amsa: Malam, gaskiya ne, amma kalmar "ajiya" tana ɓoye ainihin abin. Rance ne kake ba gwamnatin tarayya ta hannun Ofishin Kula da Basussuka, wato DMO, bisa sharaɗin ba za a kashe kuɗin ba sai a ayyukan kare muhalli. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da gwamnatinta ta fitar da irin wannan takardar shaidar rance, wato takardar lamunin muhalli, a Disambar 2017: naira biliyan 10.69, na shekara 5, da ruwan kashi 13.48 cikin ɗari a shekara. Ta sake fitar da ta biliyan 15 a 2019, sannan wata a 2025.

Kuɗin farkon sun tafi ne ga dashen itatuwa da wutar sola, har da shirin samar wa jami'o'in tarayya lantarki, wanda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke cikin rukuninsa na farko. Ni wannan ya fi taɓa ni. Duk wanda ya bi hanyar Illela ko Gada da rani ya ga yadda rairayi ke cin gonaki, ya san ba a banza aka saka Sakkwato cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa, wato dashen da ake yi don tare hamada, ba. Sai dai dasa itace daban, rayar da shi daban. In za ka bibiyi rahoton ayyukan, nemi adadin itatuwan da suka tsallake ranin farko, kada ka tsaya ga waɗanda aka dasa.

Matsalar ita ce mafi ƙarancin abin da aka karɓa wajen sayarwar farko naira miliyan 10 ne, shi ya sa bankuna da kamfanonin fansho suka fi kwashe su. Takardar da aka tanadar wa ƙananan masu ajiya wata ce daban: ana farawa da naira 5,000, na shekara 2 ko 3, ana biyan ruwa duk wata uku ta hannun dillalin hannun jari mai rajista. Ita kuma ba a keɓe kuɗinta ga muhalli ba.

Batun halacci kuwa, ba zan rufe ka ba. Duka biyun bashi ne da aka yanka masa ƙari tun farko, abin da malamanmu ke kira riba, kuma kyawun aikin da aka yi da kuɗin bai sauya yarjejeniyar ba. Fatawa ta malamai ce, ka kai musu wannan bayanin yadda yake. Masu gudun riba sun fi karkata ga Sukuk, wato takardar zuba jari ta gwamnati bisa tsarin Musulunci, da aka fara a Satumbar 2017 da naira biliyan 100. A nan kuɗin haya ake biyanka kan titunan da aka gina, kuma da naira 10,000 ana shiga.

Kowacce ka zaɓa, ka auna abin da za ka samu da tsadar kaya. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, wato mai karɓar kashi 13 kuɗinsa raguwa suka yi a kasuwa. Kuma kada ka saka kuɗin takin damina, don in ka matsu ka sayar kafin wa'adi, kana iya karɓar ƙasa da abin da ka zuba.