Mu da Don Williams a Nashville

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga amsar tambayarka kan abin da ya haɗa mu Hausawan birnin Nashville na Amurka da kiɗan Turawa masu malafa, wanda a nan ake ce wa kantiri.

Ai daga gida muka zo da shi. Kai ma ka san yadda kaset ɗin Don Williams ya cika shaguna a Sabon Gari, direbobin dogon zango suna sa shi tun daga tasha har a sauka. Muryarsa ce ta saye mutane, mai kauri, ba ihu ba gaggawa. Sai da na zauna a garin nan na san yadda ya yi ya kai matsayin da ya kai.

An haife shi a jihar Texas a 1939. Ya yi shekaru yana waƙa cikin ƙungiya, ƙungiyar ta watse, sannan ya dawo Nashville yana rubuta waƙoƙi a kamfanin Jack Clement, wani mai shirya faifan waƙoƙi. Sai a 1974, yana da shekara 35, waƙarsa "I Wouldn't Want to Live If You Didn't Love Me" ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri da mujallar Billboard ke fitarwa duk mako, wanda a wancan zamani ake haɗa shi daga rahoton gidajen rediyo da cinikin faifai. Daga nan ƙofa ta buɗe masa, ya hau lamba ɗaya sau 17, ya je har Harare ta Zimbabuwe ya yi wasa a 1997, ya rasu a 2017.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba shi ya rubuta waccan waƙar ta 1974 ba, wani ne mai suna Al Turney. A wajenmu makaɗi shi ke tsara baitinsa, 'yan amshi su karɓa, ubangida ya yi kyautar riga ko doki. A nan rubuta waƙa sana'a ce mai zaman kanta, mutum ya shiga ofis da safe da jita a hannu ya tashi da yamma. Kuma duk sa'ad da gidan rediyo ya sa waƙa, marubuci da kamfaninsa ake biya ta hannun hukumomi irin su BMI da ASCAP, mai rerawa kuwa sai ya nemi nasa a wasanni da ciniki. Idan waƙa ta kai lamba ɗaya, ana rataya babban ƙyalle a gaban ofis a unguwar Music Row, cibiyar kamfanonin kiɗa, da sunan marubucin ɓaro-ɓaro, a yi masa walima. Na sha sauke fasinja a ƙofar irin wannan walima, mutum cikin tsohon wando, matarsa riƙe da hannunsa, ba wanda zai gane shi a titi, alhali don shi aka taru. Wannan ɗabi'a tana burge ni ƙwarai, domin haƙƙin mai wahala ne ake ba shi a bainar jama'a.

Mu dai ba mu da yawa a garin. Akwai direbobi, da ma'aikatan jinya, da ɗalibai. Muna sallar Juma'a tare da Kurdawa da Somaliyawa, mu biya titin Nolensville mu sayi naman halal. Kantiri abokin hanya ne, na rediyon mota da aikin dare. Ko a nan ma muna tacewa: da an shiga waƙar giya da mashaya, musamman in akwai yara a baya, sai hannu ya kai ga sauya tasha. Cikinmu akwai waɗanda ba sa jin kiɗa kwata-kwata, in sun shigo motarka ka kashe, ba sai sun yi magana ba.

Ranar suna ko biki kuwa kantiri ba ya shiga. Mata su girka tuwo da miyar kuka da aka aiko daga Kano, a sa kiɗan kalangu a lasifika, a yi liƙi da dala ɗai-ɗai, yaran da aka haifa a nan su ne kan gaba wajen tsince kuɗin.