Amsa ga masu shirin tseren Dutsen Kamaru: saukowar ce ke karya mutum

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa tukuna. Ka ce ku huɗu ne a Kano, kun saba gudun kilomita 10 bayan sallar asuba, kuna son shiga tseren Dutsen Kamaru a watan Fabrairu, saura wata biyar, kana tambayar ta ina za ku fara. Ni mazaunin Jos ne, mu uku muka taɓa zuwa tseren, kuma abin da ya same mu shi zan faɗa maka.

Ku fara sanin abin da kuka tunkara. Tun 1973 ake wannan tsere a garin Buea. Ana tashi daga filin wasa na Molyko, a hau har ƙololuwa, a dawo, kusan kilomita 38. Tsawon dutsen ya haura mita 4,000, wato za ku hau sama da mita 3,000 da ƙafarku, ku kuma sauko su. Zakaru maza kan gama cikin kamar awa huɗu da rabi, irinmu kuwa yini ne guda. Da farko kwalta ce, sai kurmi mai danshi, sai ciyawa, daga nan sai baƙin dutse mai kaifi da toka, domin dutse ne mai aman wuta, ya yi amai a 1999 da 2000. Ƙasa gumi, sama iska mai sanyin da ke sandarar da yatsu.

Kuskurenmu shi ne duk hankalinmu ya tafi kan hawa. Wata huɗu muna zuwa duwatsun Shere duk Asabar, mu hau da ƙarfi, mu sauko a hankali muna hira, muna ganin saukowa hutu ce. Ranar tsere na kai ƙololuwa da sauran ƙarfina. Da na juyo, ko bukka ta biyu, cikin bukkokin hutawa da ke kan hanyar dutsen, ban iso ba cinyoyina suka fara rawa kamar an zare musu laka. Duk takun da na yi sai gwiwa ta nemi lanƙwashewa. Tokar nan tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, yatsu na dukan bakin takalmi, daga baya farce biyu suka yi baƙi suka fita. 'Yan garin kuwa suna wuce ni kamar ana zubo ruwa. A nan na gane dalilin da ya sa ake kiran Sarah Etonge sarauniyar dutsen, matar da ta ci tseren sau bakwai: mutanen wurin sun san yadda ake sakin jiki a gangare, mu kuwa birki muke takawa a kowane taku. Birkin nan naman gaban cinya ne ke yin sa, yana miƙewa alhali yana ɗauke da nauyin jiki, kuma ba abin da ke horar da shi sai saukowar kanta. Shi ya sa ciwon bai cika tashi a ranar ba, sai kwana biyu bayan nan ka kasa sauka daga matakala.

To ku da kuke Kano, kada shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta karya muku gwiwa. Ga Dala ga Goron Dutse. Gajeru ne, amma maimaici shi ne aikin. Sau ɗaya a mako ku hau ku sauko, ku fara da sau biyar, kuna ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ku hau da tafiya mai sauri, hannu a kan cinya, domin a Kamaru ma yawancin hawan tafiya ce, ba gudu ba. Saukowar ce za ku yi da niyya: gajeren taku, mai sauri, ido a gaba kaɗan ba a kan yatsu ba, kada ku jingina baya. Makon farko ku yi a hankali ƙwarai, gwiwa ba ta son gaggawa. Sai dogon fita ɗaya a mako, wanda za ku auna da awa ba da kilomita ba, daga awa ɗaya da rabi har ku kai biyar a kan ƙafa kafin ƙarshen Janairu. Kowane mako na huɗu ku rage. Mako biyu na ƙarshe hutu ya fi yawa.

Ƙarancin iskar shaƙa a saman dutse kuma ba shi da dabara a Kano. A mita 4,000 abin da huhu ke samu bai wuce kashi 60 da ɗoriya cikin 100 na bakin teku ba. Ko mu da muke zaune a kusan mita 1,200 mun ji a jikinmu. In da hali ku zo Filato sau biyu ko uku, ku kwana, ku hau Shere da ta kai mita 1,800. Ba banza ba yawancin masu dogon gudu na Najeriya daga Filato suke, musamman yankin Pankshin.

Maganar abokai ita ce ta fi damuna, shi ya sa na tsaya rubuta wannan. Cikinmu akwai wanda ya fi mu sauri, kullum shi ke gaba, na ukunmu kuma yana jin kunyar a ce shi ake jira, sai ya riƙa matsa wa kansa yana ɓoye ciwo. Ranar tsere kansa ya sara a wajen bukka ta biyu, yana jiri yana amai, amma yana cewa zai iya. Da ƙyar muka shawo kansa ya sauka, kuma har yau ina gode wa Allah da ya ji magana, domin ciwon tsauni maganinsa sauka. Ku zauna tun yanzu ku yanke: dogon fita na mako da saurin mafi rauni a cikinku ake yi, mai ƙarfi ya je ya ƙure kansa ranar Talata shi kaɗai. Ku kuma yi alkawari cewa wanda aka ce ya juya zai juya, ba gardama, ba gori bayan an dawo gida.

Abin da za ku ci a dutse ku gwada shi tun a horo. Mu dabino da ayaba muka riƙe, da ruwan gishiri da sukari. Takalmi mai haƙora a ƙasa, wanda ya ɗara ƙafarka kaɗan, kuma kada ya zama sabo ranar tsere. Ku tafi da safar hannu da rigar tare iska. Kowa ya ga likita a duba zuciya da hawan jini kafin ku tsananta. Ku duba kalanda ma, a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa wajen Fabrairu, gara ku san matsayinku tun kafin ku biya kuɗin mota, ku kuma bincika halin tsaron yankin daf da tafiya.

In kun shirya zuwa Jos ka yi min magana a nan, Asabar da ƙarfe shida muke tashi. Allah ya ba ku lafiya, ya kai ku ya dawo da ku.