Kurma, nauyin kunne da kunnen ƙashi

Tambaya: Ina jinyar kakata a unguwar Birni, sai na maimaita magana sau uku take ji. Daidai ne a ce ta zama kurma?

Amsa: A'a, 'yata. Kurma shi ne wanda ji ya ɗauke masa, jam'insa kurame. Kakarki nauyin kunne gare ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da shi. Masu gajen haƙuri ne ke jifan kowane tsoho da "kurma", wasu ma har su ce "bebe", alhali bebe magana ce ba ya yi. Ina ruwan kunne da harshe?

Tsufa siraran sautuka yake fara ci, irin su s, sh da ts. Wasula kuwa suna nan daram. Shi ya sa tsohuwa ke cewa "ina jin muryarki, maganar ce ban gane ba". Ki duba "sha magani" da "sa magani": majo, wato ma'aikacin asibiti, ya ce a sa a ido, kunne ya kawo mata a sha. Ihu bai raba su, wasulan kawai yake kumburawa. Ki kashe rediyo, ki zauna gabanta kamar tazarar mita ɗaya, haske a fuskarki don ta ga leɓɓanki. Ki kaurara murya, ki yi magana a tsanake. In ba ta kama ba, sauya kalma, ce "ɗiga" maimakon "sa", ko "haɗiye" maimakon "sha". Sannan ta faɗa miki abin da ta ji, don gyaɗa kai sau da yawa kara ce kawai.

Tambaya: Mai kunnen ƙashi shi ma ciwo gare shi?

Amsa: Lafiyarsa lau. Ya ji sarai, ƙi ya yi.

Tambaya: Mahaifina ya ce kunnensa ya "toshe" yana "kuka". Kalmomin ɗaya ne?

Amsa: Daban suke. Kuka shi ne ƙarar da babu mai jin ta sai shi, kuma kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, da allurar jantamisin mai kashe ƙwayoyin cuta kan jawo ta, don haka a sanar da likita maganin da yake amfani da shi. Toshewa galibi dattin kunne ne da ya daskare. Tsinken ashana da gashin kaza ƙara cusa shi suke yi. A ɗiga man zaitun ɗigo 2 zuwa 3, safe da yamma, kwana 5, sannan a kai shi a wanke. In kunnen na zubar da ruwa, kada a ɗiga komai.