Abin da ya sa na mayar da Hajiya da kuɗinta

Ka tambaye ni jiya muna rufe shagonmu na ƙera haƙoran roba, ban ba ka amsa ba saboda magariba ta kawo jiki. Cewa ka yi: "Maigida, baiwar Allah ta zo da kuɗinta a hannu, haƙoran roba biyu kacal take so a sa mata a giɓin gaba kafin bikin ɗiyarta, ka ce ta je asibiti tukuna. Ai wurin wani za ta tafi." To jawo benci ka zauna, filastar nan ma ba ta gama bushewa ba.

Da ta buɗe baki, kai giɓin ka kalla. Ni maƙwabtan giɓin na kalla, don su za su ɗauki kayan. Ka lura da dasashinta? Ya yi ja, ya kumbura, yana sheƙi kamar tumatirin da ya nuna ya wuce misali. Lafiyayyen dasashi a ɗame yake, ya rungume wuyan haƙori. Da na haska bayan haƙoranta na ƙasa kuwa, datti ya yi kanta har ba ka gane inda wannan haƙori ya ƙare, wancan ya fara. Kullum a nan kanta ta fi taruwa, domin a ƙarƙashin harshe yawu ke fitowa, shi ne yake daskarar da dattin ya koma kamar dutse. In ya kai haka, ko buroshi goma za ta karya ba zai fita ba, sai likita ya kankare da na'ura. Sannan fiƙarta ta hagu tana girgiɗa. A jikin wannan fiƙar kake so in maƙala wayar da za ta riƙe haƙoran robar?

Shi ya sa na tambaye ta yadda aka yi haƙoran suka fita. Ba kogo suka yi ba, girgiɗa suka yi ta yi har aka cire. Wannan ciwon dasashi ne, yana cin ƙashin da ke riƙe da saiwa a hankali, ba zafi, sai jini in an yi asuwaki da ɗan warin baki. Mutanenmu in sun ga jinin sai su daina goge wurin, wai kada su fama, alhali rashin gogewar ce ta kawo jinin. Kuma da ka ji na tambaye ta ko tana da ciwon suga, ba shisshigi ba ne. Suga in bai daidaita ba, dasashi ba ya warkewa da wuri.

Ga kuma maganar kwanaki. Kwana 10 ke nan da cire su. Ka taɓa ganin tsohuwar rijiya da aka cike da ƙasa? Ranar da aka cike daidai take da doron ƙasa, damina ɗaya sai ka ga wurin ya lotsa. Haka gurbin haƙori yake. Ƙashin yana zaizayewa, kuma ya fi saurin yin haka a wata ukun farko. In na ɗauki awon bakinta yau, na dafa roba ta zauna ɗas, kafin a gama cin gara ta fara rawa a bakinta, kuma sunan da za a kira a unguwa nawa ne.

Haƙorin Makkan nata fa, ka ce ba ka ga aibunsa ba. Ni ma ba na ƙin sa, mahaifiyata da shi ta koma ga Allah. Amma yawancinsu hula ce kawai aka kifa wa haƙori cikin gaggawa, bakin hular bai hau daidai da dasashi ba. Wannan baƙin layi da ke zagaye da nata, ta nan tuwo da shayi suke shiga, buroshi kuma ba ya shiga. A waje zinariya tana walƙiya, a ciki haƙori yana ruɓewa shiru, sai ranar da ruɓar ta kai ga jijiya mutum ya kwana yana safa da marwa a tsakar gida. Hoto ne zai nuna abin da ke ciki, mu kuma ba mu da injin hoto. A Inugu inda na koyi aikin nan, abu na farko da aka cusa mana shi ne sanin iyakarmu: likita ya duba ya gyara baki, mu mu ƙera abin da za a sa.

Gaskiyarka, tana iya tafiya wurin wani. Na san irin aikin da za a yi mata. Shekarun baya wani direba ya zo mini da haƙori ɗaya na gaba da aka yi masa a tasha. An kwaɓa robar nan mai daskarewa nan take, aka shafe ta a jikin haƙoran gefe kamar yaɓen laka, ba ta cirewa. Shekara 3 tana bakinsa. Da ya zare takunkumi sai da na buɗe taga. Ranar da likita ya yanke robar, haƙora biyun da ta kama sun riga sun tashi aiki, giɓin haƙori ɗaya ya koma na uku. Har yau in ya biyo ta layin nan sai ya tsaya mun gaisa.

In ta dawo, kai za ka yi mata bayani, ina jinka. Kada ka raina mata asuwaki, sunna ce kuma tana aiki, muddin za a bi haƙora ciki da waje har turame na can ƙurya, ba a tsaya a huɗun gaba da mutane ke gani ba. Sai dai asuwaki ba ya hana makilin mai fuloraid safe da dare, na daren ya fi muhimmanci saboda yawu yana raguwa in an yi barci. In ta tofar kada ta kurkure da ruwa. Buroshi mai taushi, ba wanda ake wanke takalmi da irinsa ba. Shayin da ake kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har la'asar ya fi kofi ɗaya da aka shanye lokaci guda ɓarna, don duk kurɓa ƙwayoyin cutar baki suna mayar da sukarin ya zama tsami mai cin haƙori. Ita ce "tsutsar" da ake cewa, babu wata tsutsa. Kanumfari yana kwantar da zafi, gaskiya ne, mansa ma yana cikin cikon wucin gadi da likitoci ke yi, amma ba ya toshe kogo. Ruwan batir da asfirin da ake dannawa a dasashi kuwa ƙona nama kawai suke yi.

Maganar biki ban manta ba. Na ce mata in an kankare, kumburin ya saɓe, likita ya rubuto mana takarda, za mu yi mata na wucin gadi ta yi hoto da shi. Ta san zai saki, bayan wata 3 mu sake awo. Ka gaya mata ba a kwana da shi, ba a wanke shi da ruwan zafi don robar tana lanƙwasa, sabulu da ruwan sanyi sun isa.

Ranar kai za ka kwaɓa garin awo, wanda ake ɗaukar siffar baki da shi. Ka sa ruwan a firji tun safe, don a zafin Kano da ruwan randa ma kafin ka kai cokalin awon bakinta garin ya daskare. Da ka cire kuma ka zuba filasta nan take, kada ka ajiye shi a tebur ka tafi amsa waya kamar ran nan. Tashi ka duba waccan, ina jin ta yi.