Tambaya da Amsa: Wane Maɗaukin Sauti Ya Dace da Jita Mai Rabin Kogo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da jitar lantarki mai rabin kogo wadda aka ƙera bisa siffar Gibson ES-335, ko da yake tawa ta wani kamfani ce mai sauƙin kuɗi. Shekara 3 ke nan ina kaɗa ta, hannuna ya saba da wuyanta ƙwarai, ba na son rabuwa da ita. Damuwata ita ce maɗaukin sautin da ke kusa da wuya, wato na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi mai kai sautinsu ga amfilifaya, domin muryarsa a toshe take, idan na kaɗa tsirkiyoyi da yawa lokaci guda sai su cakuɗe, ba a jin kowace daban. Na kusa da jaki, wato inda tsirkiyoyi suke zaune a jikin jitar, kuma yana soka kunne, sannan da zarar na ƙara murya a amfilifaya sai jitar ta kama ƙara. Wani abokina ya ce in cire su duka in sa masu ƙarfi sosai, wai ƙarfi ne ke fito da sauti. Kiɗan bulus da jaz na fi yi, wani lokaci da rok mara nauyi. Me ya kamata in saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na gode da ka faɗi irin kiɗan da kake yi, domin a nan rabin amsar take. Shawarar abokinka da kyakkyawar niyya ya ba ka ita, amma ina roƙonka kada ka bi ta, saboda maɗauki mai ƙarfi sosai zai ƙara toshe muryar da kake kuka da ita.

Mu fara da jikin jitar. Kamfanin Gibson ya fitar da ES-335 a shekarar 1958, kuma dabarar da aka yi a kanta ita ce an sa gungumen katako mai tauri a tsakiyar jiki, daga gindin wuya har ƙarshe, aka bar gefe biyu da kogo, kowanne da tagarsa mai siffar harafin f. A kan wannan gungume jaki da maɗaukan suke zaune. Shi ya sa sautinta yake daɗewa kamar na jita mai cikakken katako, amma yana da taushi da sarari irin na mai kogo. Wannan sararin ne ya sa mutane suke ƙaunar irin wannan jita, kuma shi ne abu na farko da maɗauki mai nauyin murya yake binnewa.

Dalilin yana cikin ƙirar maɗaukin kansa. Maganaɗisu ne da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa sau dubbai. Idan tsirkiya ta motsa a samansa sai ta haifar da ɗan lantarki a cikin naɗin, amfilifaya ta karɓa ta ƙara shi. Irin wanda ke kan jitarka ana kiransa hambaka, mai naɗi biyu da aka haɗa ta yadda za su kashe gurnanin wutar lantarki. Seth Lover ne ya ƙirƙira wa Gibson shi, aka nemi rajistar haƙƙinsa a 1955, ya fara fitowa a kan jitocinsu a 1957. Waɗancan na farko, da ake kira PAF (taƙaicen "Patent Applied For", wato an nemi rajistar haƙƙi), turjiyarsu, wato yadda naɗin yake tare lantarki, ba ta cika wuce kilo-om 7 zuwa 9 ba. Masu ƙarfi na zamani, da aka yi domin rok mai nauyi, sukan kai 14 ko 16. Duk lokacin da aka ƙara yawan naɗi, murya takan ƙaru, tsakiyar sauti ya yi kauri, amma tsininsa ya ragu. Ga mai son amfilifaya ta yi ta karce-karce wannan riba ce. Ga mai kaɗa jaz, wanda yake son a ji tsirkiya 4 ko 5 kowace da muryarta, asara ce babba.

Sai dai kada ka ɗauki lambar turjiya a matsayin ma'aunin ƙarfi kai tsaye, domin waya mafi siranta takan ba da lamba babba ko da naɗin bai fi yawa ba. Lambar tana da amfani ne idan ana kwatanta maɗauka masu waya iri ɗaya. Duk da haka ka auna naka: ka sa igiyar jitar a soket ɗin da ke jikin jitar, ka buɗe mamurɗin murya gaba ɗaya, ka zaɓi maɗauki guda, sannan ka ɗora mitar auna turjiya a kan tsini da gefen filogin da ke ɗaya bakin igiyar. Idan na wuya ya haura 9 da nisa, to ka gano inda toshewar ta samo asali.

Kafin ka kashe ko kwabo, akwai abubuwa biyu da nake so ka duba, domin sau da yawa ana ɗora wa maɗauki laifin da ba nasa ba. Na farko tsayinsa ne. A wajen wuya tsirkiya ta fi lilo, saboda haka maɗaukin da ya matso ta da yawa yakan cika da kauri har ya shaƙe. Ka danne tsirkiya a matakin ƙarshe na wuya, ka auna tazarar da ke tsakaninta da kan maɗaukin, ka fara daga wajen milimita 2 da rabi, kana sauke shi kaɗan-kaɗan kana saurare, musamman ta ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri. Bayan ka sauke jikinsa, kana iya ɗaga ƙananan sukurori 6 da ke kansa, wanda yakan dawo da ɗan tsini ba tare da kaurin ya dawo ba. Na biyu kuwa mamurɗan murya ne. Hambaka ya fi son mamurɗi mai turjiyar kilo-om 500, amma akwai jitocin da aka sa musu 300 ko 250, kuma ko wanda aka rubuta masa 500 yana iya kasancewa 400 idan aka cire shi aka auna. Ƙaramar lamba tana zubar da tsinin sauti tun kafin ya isa amfilifaya, kuma sabon maɗauki mai tsada ma haka zai toshe idan aka haɗa shi da ita.

Batun ƙarar da kake ji yana buƙatar kunne, domin iri biyu ce kuma maganinsu daban. Akwai kururuwa mai kauri, wadda take tasowa a hankali har ka ji jikin jitar yana rawa a ƙirjinka. Wannan daga kogon take: iskar lasifika ce ke girgiza katakon da tsirkiyoyin, kuma babu maɗaukin da zai kawar da ita. Maganinta shi ne ka matsa nesa da amfilifaya, ka canja fuskar da kake kallo, ka rage kauri, ko ka toshe tagogin. Makaɗin bulus B.B. King ya yi shekaru yana cusa tsummoki a tagogin jitarsa saboda wannan, har daga baya Gibson suka ƙera masa jita mai suna Lucille ba tare da taga ko ɗaya ba. Iri na biyu ƙara ce mai tsini kamar usur, wadda ba ta tsayawa ko ka dafe tsirkiyoyi da tafin hannu. Wannan daga cikin maɗaukin take, inda waya ko murfi suka yi sako-sako suna girgiza. Ka kunna amfilifaya ka ɗan ƙwanƙwasa murfin da farce. Idan bugun ya fito da ƙarfi kamar ka taɓa makirufo, to shi ne. Maganinta maɗaukin da aka jiƙa naɗinsa da narkakken kaki. PAF na farko ba a jiƙa su ba, kuma wasu makaɗa suna son haka domin suna jin sautin ya fi sakewa, amma tunda kana ƙara murya kuma ƙarar tana damunka, wanda aka jiƙa shi ya fi dacewa da kai.

Game da maganaɗisu ba zan tsawaita ba. Alniko gauraye ne na ƙarfe da alminiyam da nikel da kobalt. Mai lamba 2 ya fi laushi, mai lamba 5 ya fi ƙarfi kuma kaurinsa ya fi tsukewa, na seramik kuma an fi sa shi a masu ƙarfi sosai. Tunda kukanka toshewa ce a wajen wuya da tsini a wajen jaki, ni da zan sa alniko 5 mai ƙarancin naɗi a wuya, in sa alniko 2 mai ɗan ƙarin naɗi a jaki. Ka lura da murfi ma: wanda aka yi da gaurayen nikel ba ya taɓa sauti sosai, amma na tagulla da aka shafa wa ƙyalli yana cin tsini, kuma shi aka fi samu a kan maɗauka masu araha.

Idan sunaye kake so, '59 na Seymour Duncan alniko 5 ne kuma an jiƙa shi da kaki. '57 Classic na Gibson alniko 2 ne, shi ma a jiƙe. Wanda ke ɗauke da sunan Seth Lover, na Seymour Duncan, alniko 2 ne amma ba a jiƙa shi ba, don haka ya fi dacewa da mai kaɗawa a hankali. Dukansu suna cikin iyakar turjiyar PAF. Akwai kuma wata hanya da mutane kan manta da ita, wato P-90, maɗauki mai naɗi ɗaya da Gibson suka fitar a 1946, wanda yake kan ES-330 da Epiphone Casino. Muryarsa a buɗe take, tana da cizo, kuma yau ana yin sa a girman hambaka, kamar P-94 da Phat Cat, yadda zai shiga ramin jitarka ba sai an sassaƙe katako ba. Illarsa ita ce gurnanin wuta zai dawo, musamman kusa da fitilu da na'urori.

Sai aikin sawa, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Yawancin jitoci irin taka ba su da murfi a baya, saboda haka mamurɗai 4 da makunnin zaɓi da soket duk ta tagar f suke shiga, ana jan kowanne zuwa raminsa da zare ko siririn tiyo da aka ɗaura masa tun kafin a kwance shi. Aiki ne mai cin lokaci, kuma kuskure kaɗan yana iya karce fenti. Wasu kan yanke tsohuwar waya a ramin maɗauki su haɗa sabuwa a nan da dalma, kuma hakan yana aiki idan sauran kayan lafiyarsu ƙalau. Amma idan awo ya nuna mamurɗan ba su kai ba, ka canja komai a lokaci guda, kada a buɗe ta sau biyu. Ka auna faɗin tagar tukuna, domin manyan mamurɗai ba sa shiga wasu tagogin, kuma ramukan jitocin da aka ƙera da awon milimita sukan yi wa mamurɗan Amurka kaɗan, sai an ɗan faɗaɗa su. Ka auna tazarar tsirkiya ta farko zuwa ta 6 a saman maɗaukin jaki: idan wajen milimita 49 ko 50 ce, gama-gari zai yi, idan ta kai 52 ko 53, ka nemi mai faɗi. Idan ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, kai wa mai gyaran jita, ka kuma karɓi tsoffin maɗaukan ka adana.

Shawarata a gare ka ita ce ka sauke maɗaukin wuya, ka sa sababbin tsirkiyoyi, ka kaɗa mako guda. Idan muryar ba ta buɗe ba, sai ka sayi masu matsakaicin ƙarfi irin na PAF, waɗanda aka jiƙa da kaki, tare da mamurɗai masu 500 da kafasita, wato ɗan abin da ake haɗawa da mamurɗin rage tsini, mai maikurofarad 0.022.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni maɗaukin wuya kaɗai na canja a jitata mai rabin kogo, na sa na wani kamfani daban. Kowanne yana da daɗi shi kaɗai, amma idan na kunna su tare sai sautin ya zama siriri kamar daga hanci yake fita. Na lalata wani abu ne?

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Ba ki lalata komai ba. Maɗaukan biyu suna aiki ne a juye, lantarkin ɗaya yana hawa lokacin da na ɗayan yake sauka, sai su cinye kaurin juna. Kamfanoni ba su daidaita kan launin waya ko fuskar maganaɗisu ba, shi ya sa hakan yake faruwa idan aka gauraya. Idan sabon naki mai waya 4 ne, a musanya wayar da ke kai sauti da wadda ke zuwa ƙasa, a bar wayar garkuwa inda take. Idan kuwa mai waya ɗaya ne da saƙar ƙarfe a bayanta, musanyar za ta jawo gurnani, don haka sai mai gyara ya buɗe shi ya juya maganaɗisun ta yadda gefen da ke wajen sukurori zai koma ɗaya ɓangaren. Ki ce masa ya gwada matsayin tsakiya da amfilifaya a kunne kafin ya mayar da wayoyin cikin kogon.